Akwatin Ƙarfen Yaya Lawali Mai Kamara

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Lawali, wanda mutanen Matameye suka fi sani da Lawali Mai Kamara. Da damina ya tafi, gero ya fara ɗaukar ciki, bayan ƴan makonni yana fama da ciwon hanta. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa. Kowace damina sai in ce bana, sai kaka ta yi ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya zaunar da ni yanzu ba wai baƙin cikin ya ƙaru ko ya ragu ba ne. Watanni ke nan ina wuni da muryarsa a ɗakina, kuma na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Na ce bari in faɗa wa wani ko zan ji sauƙi.

Sunana Rabi. Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aka sa lakwal, wato makarantar boko, shi aka bar wa gona da makarantar allo, har na yi aikin sakatariya a wani ofishi na tsawon shekaru kafin in ajiye. Shi kuwa, kamar sauran mazan unguwarmu, da an gama girbi sai ya ɗaura ƴar jakarsa ya yi Kano cin rani. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, daga baya ya samu gadin shagon wani mai ɗaukar hoto. A nan idonsa ya buɗe. Wata shekara, ana gab da shuka, sai ga shi ya sauko daga mota a tasha rungume da wata baƙar jaka. Cikinta kamarar bidiyo ce, ƙatuwa, irin wadda ake ɗorawa a kafaɗa. Baba ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Mutane suna komowa da buhun masara da turmin atamfa, kai ka komo mana da abu mai ido ɗaya." Yaya bai saba mai da wa Baba magana ba, bai kuma saba fasa abin da ya sa gaba ba.

Ba a yi shekara biyu ba sai da ya zama ba a ɗaurin aure na kirki sai da shi. Suna, saukar karatu, tarbar alhazai, duk yana wurin. Ya kan ɗaure kamara da ɗan gurup ɗin wuta, wato janareta, a bayan babur ya yi Dawce, ya yi Kurni, ya dawo jiƙe da gumi, kafaɗa a kumbure. Kowane taro kaset biyu yake yi. Ɗaya ya miƙa wa mai gida, ɗaya ya jefa cikin wani akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo. Masu gidan kallo sun sha roƙonsa ya ba su aron na manyan bukukuwa su nuna wa jama'a, ya ƙi. Ya kan ce abin da ya gani a cikin gidan mutum na gidan ne. Shi ya sa ake barinsa ya wuce zaure ya shiga har tsakar gida, inda mata ke daka da rawa da zolayar juna, wurin da ba kowane namiji ke leƙawa ba.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi masa daɗi ba. Faifan CD ya shigo, samari masu ƙananan kamarori suka karɓe kasuwa, shi kuwa ba shi da ƙarfin sake kaya. Ya koma gona gaba ɗaya. Bai yi ƙorafi ba, sai dai maganarsa ta ragu. Da ya rasu aka tura akwatin ƙarƙashin gadon matarsa Habsu, kowa ya manta da shi, har da ni.

Nana ce ta tono shi. Ita ce autarsa, tana da shekara huɗu ya rasu. Bara, da aka sa ranar aurenta, ta zo gidana da hantsi ta zauna tana taya ni tsince wake. Can sai ta ce, "Gwaggo, ni fa ban san yadda Baba yake tafiya ba." Na ɗaga kai na dube ta. Hotunansa biyu ne a gidan, duka yana tsaye ƙiƙam kamar an kama shi da laifi. Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan suna motsi, ƴarsa ba ta taɓa ganinsa yana motsi ba. Da muka kai wa Habsu maganar sai ta ce akwai kaset ɗaya. Ranar sunan Nana baƙi sun yi masa yawa, sai ya miƙa wa abokinsa Mutari kamarar ya riƙe masa. In dai yana cikin wani kaset, to wannan ne.

Muka jawo akwatin. Makullin ya ɓata tuntuni, sai da aka kira maƙeri ya ɓalle kwaɗon. Warin da ya bugo mu har yanzu ina jinsa a hanci. Ashe rufin ɗakin ya sha yoyo ta wannan kusurwa, gara kuma ta samu hanya ta ƙasa inda ƙarfen ya yi tsatsa. Ta cinye kwalayen kaset da yawa, har da sunayen da Yaya ya rubuta a jikinsu da ajami. Wasu in ka ɗaga ka duba ta ƴar tagar, sai ka ga fumfuna fari fat ta kwanta a kan zaren kaset ɗin kamar an barbaɗa gari. Na sunan Nana yana can ƙasa. Habsu ta gane shi da jan zaren da ta ɗaura masa da hannunta. Ya fi kowanne lalacewa.

Na shiga mota na tafi Damagaram neman Mutari. Mai gyaran tele ne, a wajensa Yaya ke kai kayansa in sun samu matsala, daga nan suka ƙulla abota. Na same shi ya tsufa, yana zaune a tsakiyar matattun rediyo da tele da babu mai zuwa karɓa. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce magneto, wato na'urar da ake saka kaset a ciki, wannan ba matsala, zai haɗa guda mai rai daga gawarwakin da ke bayansa. Matsalar ita ce yadda za a kwashe abin da ke cikin kaset ɗin a zuba shi a ordinater, wato kwamfuta, kafin ya ƙarasa mutuwa. Sai an samu wata ƴar na'ura da ke shiga tsakani, wadda suke ce wa kart. Wayoyi uku na magneto, ja da fari da ruwan ɗorawa, su shiga ta gefe ɗaya, ita kuma ta shiga ordinater ta ɗaya gefen.

"Amma ki ji, Rabi," ya ce. "Kaset ɗin nan da wuya ya jure zagaye biyu. In muka saka shi kart ɗin ta yi mana wasa, shi ke nan. Ki gwada da wasu tukuna. Kada ki kawo shi kusa da magneto sai kin tabbata."

Da haka na faɗa cikin abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba da furfurata. Na yi makonni ina latsa wayar salula ina karanta tallan kart iri-iri. Kowane mai sayarwa tasa ce ta fi, kuma duk kama ɗaya suke, baƙaƙe, da wayoyi ukun nan suna reto. Wani ya ce tasa tana mai da tsohon hoto sabo. Wani ya rubuta bayani da Faransancin da ko shi ba na jin ya gane. Babu wanda zan tambaya a garin nan ya ce ya taɓa amfani da ita. Samarin da ke saka wa mutane waƙoƙi a salula a bakin kasuwa, da na ce musu kaset, sai suka dubi juna.

Ta farko wani direba ya sayo min a Kano, ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ta zo da faifan da za a saka wa ordinater kafin ta gane ta, ordinater ɗina kuwa ba ta da bakin faifai. Sai da na sake komawa Damagaram aka zuba min abin ta wata hanya. Na dawo na jona, na ɗauko kaset ɗin wani suna da bai lalace sosai ba. Hoto ya fito, amma babu launi ko kaɗan, mutane suna rawar ɗari kamar ana kallonsu ta cikin ruwan randa. Na kira Mutari. Ya yi ta tunani, can ya tuna cewa kamarar Yaya tsarin Najeriya take bi, amma wasu kaset ɗin ya juye su ne da magneto na nan gida mai bin tsarin Faransa. Kart ɗina tsari ɗaya kawai ta sani. Wato iyakar nan da muke tsallakawa mu je cin kasuwa mu dawo, ta bi mu har cikin zaren kaset.

Ta biyu wani ɗan akwati ne da ba ya ma buƙatar ordinater, kai tsaye yake zuba komai a ƴar memori irin ta salula. Launi ya fito ras. Na ga shuɗin rigunan maza, na ga jan lallen mata, har na yi hamdala na aika a kira Habsu ta zo ta gani. Muna cikin kallo sai na lura da wani abu. Da farko murya da hoto suna tafiya tare, amma da aka yi nisa sai murya ta fara ja da baya. Liman ya shafa fatiha, mutane sun miƙe suna neman takalma, sai a lokacin ake jin amin. Da abin ya tsaya a nan da sai in ce a yi haƙuri da shi. Amma a cikin waɗannan kaset duka, Yaya murya ce kawai. Yana bayan kamara, ba a ganinsa, sai dai ka ji shi kusa da kunnenka yana cewa a matsa, a ba tsohuwa hanya, a ɗauke yaron nan daga bakin murhu. A wani wuri wata Hajiya ta zo fita daga ɗaki, ta sunkuya ta wuce ƙofa lafiya lau, ta yi nisa, sannan muka ji shi yana cewa, "Hajiya, a yi hankali da ƙofa." Habsu ta gyara mayafinta ta ce, "Kashe abin nan. Wannan ba shi ba ne. Lawali ba ya magana bayan abu ya wuce."

Ranar na kusa haƙura. Na mai da komai cikin kwali na tura ƙarƙashin tebur, na yi kwanaki ban duba ba. Auren Nana yana matsowa, ita kuma ba ta ƙara tambayata ba, sai dai in ta zo gaishe ni idonta ya kai kan teburin ya dawo. Wannan shirun nata ya fi min tambaya nauyi.

A ƙarshe zaɓi ya tsaya tsakanin guda biyu da wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Yamai ya samo min labarinsu. Ɗaya sabuwa ce, an ce tana ƙara wa hoto haske da kyau. Ɗayar tsohuwar ƙira ce, ta fi tsada, ba ta ƙara komai, abin da ke cikin kaset shi take bayarwa, amma ta san tsarin nan biyu, kuma waɗanda suka yi aiki da ita sun ce ba ta raba murya da hoto. Na tambayi Mutari, ya ce shi ma bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, ba zai yi min ƙarya ba. Na zaɓi tsohuwar. Duk mai irin wannan kaya a gida da ke karanta ni, ga abin da na koya da wahala. Kada ka biye wa hoton jikin kwali. Babu na'urar da za ta ba ka abin da kaset bai riƙe ba. Ka tambaya ko ta san tsarin kaset ɗinka, ka tabbata ordinater ɗinka za ta karɓe ta, kuma ka gwada ta da kaset mai tsawo tun daga farko har ƙarshe, domin ƙaryarta ba ta fitowa sai an yi nisa. Ni sai da na zauna na kalli bikin wasu mutanen da ban ma sani ba har ƙarshensa, na ga bakin maroƙi da kirarinsa sun ƙare tare, sannan na kira Mutari na ce ya zo.

Ya zo ranar kasuwa, don ranar ce mota ba ta wuya. Ya buɗe kaset ɗin a kan faranti, ya riƙa juya zaren a hankali yana share fumfunar da wani farin ƙyalle, tun hantsi har aka kira azahar. Saboda tsoron a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, muna tsaka da aiki, na aro batirin sola na maƙwabcina. Mu huɗu ne a ɗakin, ni da Mutari da Habsu da Nana. Ya yi bisimilla ya tura kaset ɗin.

Da farko tsaki-tsaki ne kawai. Sai ga tsakar gidan Yaya, kafin a sare bishiyar dalbejiyar nan. Ga rago an rataye, ga mata a bakin tukwane. Hoton yana ta lilo, ya tafi kan rufi, ya dawo kan ƙafafun mutane, domin Mutari gyara ya iya, bai iya ɗauka ba. Na ga mahaifiyarmu ta gifta da ƙwarya a hannu. Sai ga bayan wani mutum cikin babbar riga ruwan ƙasa da ta yi masa yawa, yana ɗauke da tabarma. Ya shimfiɗa ta, ya miƙe, ya juyo.

"Mutari, riƙe ta da kyau mana, sama kake ɗauka."

Ya yi dariya. Ya tako zuwa inda wata mata ke zaune da jaririya a cinya, sai da na ƙura ido na gane ni ce. Ya sunkuya ya ɗan ɗaga zanen da aka rufe fuskar jaririyar, ya duba, ya mayar da sauri kamar mai jin kunyar a gan shi. Ya juya zai tafi wajen baƙi. Nan magneto ya yi wani gurnani, hoton ya yage gida biyu, allon ya koma shuɗi. Mutari ya yi wuf ya kashe, amma zaren ya riga ya tsinke ya cukurkuɗe a ciki. Abin da muka samu bai kai a dafa shayi a sauke ba. Amma ya shiga ordinater, murya da hoto tare.

Na sake kunna shi daga ordinater, muka sake kallo. Nana ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta ce, "Ashe gajere ne." Can kuma ta ce, "Kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka." Na ce ta dama ce, inda yake ɗora kamara. Habsu ta tashi ta ce za ta je ta ba awaki ruwa, alhali a gidana babu awaki. Mutari kuwa sai haƙuri yake bayarwa, wai da ya san abin da zai rage ke nan da ya riƙe ta da kyau kamar yadda aka ce masa.

Na zaci aikina ya ƙare a nan. Ashe farawa ya yi. Labari ya zaga gari cewa Rabi ta ta da akwatin Lawali. Kaset ɗin da ya ba masu gida tuntuni sun mutu, wasu yara sun zare zaren sun yi wasa da shi, wasu an zubar da su ranar da aka zubar da magneto. Sai mutane suka fara sallama a ƙofata. Wannan auren iyayensa yake nema, wannan ranar da mijinta ya dawo daga Makka. Ban iya cewa a'a ba. Aikin kuwa ba ya gaggautuwa. In kaset na awa uku ne, awa uku za ka zauna kana gadinsa, in aka ɗauke kuran a tsakiya ka koma farko. Idona ya fara ruwa, bayana ya riƙe. Amma ba wannan ne ya fi gajiyar da ni ba. A kowane taro da na kalla, kusan rabin mutanen suna maƙabarta. Suna cin tuwo, suna gardama, suna ɗaga wa kamara hannu, ni kaɗai a ɗakin na san abin da ya samu kowannensu daga baya. Sai in fito waje da la'asar in ga garin kamar an rage shi.

Sannan aka yi abin da ya sa na rufe akwatin. Na juye wa wani mutum bikin aurensa na ba shi. Wani daga cikin gidansa ya yanko wani ɗan wuri inda wata ƙawar amarya ke rawa, ɗankwalinta ya zame, tana dariya da dukan bakinta. Aka ɗora masa waƙa, aka sake shi a salula. Kafin a ankara ya zaga Matameye ya tsallaka ƙauyuka. Yarinyar da ke rawar nan yau Hajiya ce mai surukai da jikoki, tana koya wa matan unguwarsu karatu. Ta zo gidana da kanta. Na shimfiɗa mata tabarma ina jiran faɗa, ba ta yi ba. Ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar ƙafata, sannan ta ce, "Rabi, ba rawar ce ta dame ni ba, na yi ta, kuma ranar farin ciki ce. Amma mun bar Lawali ya shigo ne don mun san shi." Ta yi min sallama ta tafi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Ba zan yi masa ƙarya in ce zai tsine wa salula ba. Mutum ne mai son na'ura, kuma na tabbata da zai juya ta a tafin hannunsa yana mamakin rashin nauyinta. Amma na ga bikin Nana. Da aka fito da ita, hannuwa sun fi kawuna yawa a sama, kowa yana ɗauka, babu mai kallonta da idonsa. Babu wanda ya nemi izini, babu wanda ya sauke hannu da kuka ya ci ƙarfin Habsu. Bayan wata biyu Nana ta nemi a tura mata bidiyon bikin, sai aka ce wannan salularsa ta faɗa ruwa, waccan ta cika an goge. Abin da ya rage ƴan guntaye ne da aka yi ta turawa har fuskoki suka narke. Yaya ya kan sauke kamara in ya ga abin da bai kamata a ajiye ba. Na san haka yanzu fiye da da, domin na ga wuraren da hoto ke yankewa a kaset ɗinsa, kuma wasu na san abin da ya faru a wurin. Ina jin wannan ne zai fi ba shi mamaki, yadda aka samu masu ɗauka da yawa haka, aka rasa mai saukewa.

Bayan wasu makonni na sake buɗe akwatin, amma da sharaɗi. Mai so ya zo ɗakina ya kalla. In za a ba da kwafi, sai babban mutumin gidan ya zo da kansa, in gaya masa abin da ya faru da Hajiya, ya ɗauki alkawari. Wasu sun ji haushi, sun ce na mai da kayan mutane nawa. Wataƙila suna da gaskiya. Na kuma san alkawari ba ya hana yatsa latsawa. Iyakar abin da na iya ke nan.

Kwanan baya, ranar kasuwa, wani mai amalanke ya sauke wani tsoho a ƙofar gidana. Malam Haladu sunansa, daga wani ƙauye kusa da Dawce. Idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, da sanda yake lalube. Ya ce ya ji labari, kuma Lawali ya taɓa zuwa auren babban ɗansa. Matarsa ta rasu shekarun baya, ba su da ko hotonta. Na ce masa kaset ɗin Dawce suna cikin waɗanda ruwa ya fi taɓawa. Ya ce in duba dai. Na samo shi da kyar, na saka. Hoton ya mutu, sai inuwoyi ke wucewa cikin tsaki-tsaki, amma sautin yana nan. Hayaniya ce kawai ta gidan biki, turmi, kukan yara, guɗa, ƙarar kwanoni. Ni ban ji komai a ciki ba. Shi kuwa ya karkata kai yana saurare, hannuwansa biyu a kan sanda. Aka daɗe. Har na fara tunanin yadda zan ba shi haƙuri, sai ya ɗaga yatsa.

"Ga ta nan. Faɗa take yi a kan miya."

Na ƙara murya. Can cikin hayaniyar wata mata tana cewa wa ya ce a ƙara ruwa, wa ya ce. Sai muryar Yaya, kusa sosai: "Inna, a yi haƙuri, a ɗan juyo mu ga uwar ango." Matar ta ce, "Kai tafi can da wannan abin naka, mutane na aiki." Aka kwashe da dariya, har da shi.

Tsohon ya yi dariya shi ma, har tari ya sarƙe shi. Ya goge ido da bakin rawaninsa. Na ce zan juye masa a memori ya tafi da shi. Ya girgiza kai ya ce ba shi da abin da zai saka ta, kuma ba ya son ya riƙa roƙon mutane su kunna masa matarsa. Ya ce ya ji ta, ya isa. Da ya miƙe sai ya tambaye ni wane ne mai tsokanarta. Na ce ai Lawali ne. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ranar nan har dare tana mitarsa, amma ita ta sa aka cika masa jaka da dambu."

Yaya bai bar gida mai bene ba, bai bar shago ba, gonarsa ma an raba ta ta zama ƴan fatsi-fatsi. Kaset ɗin da suka rage a akwatin sun fi waɗanda na kwashe yawa, kuma na san fumfuna ta fi ni sauri. Wasu za su mutu kafin in kai gare su. Abin da na kwashe ma ban san ko nawa ne zai kai ga jikokinmu ba, tunda ordinater ma tana mutuwa. Na daina yi wa kaina alkawarin zan gama. Amma na ga tsoho ya shigo gidana yana lalube ya fita yana dariya shi kaɗai, saboda wata rana yayana ya ɗaure kaya a babur ya bi yashi har ƙauyensu, ya tsaya ya tsokani wata mata a bakin tukunya. In an tambaye ni abin da ya bari, wannan zan nuna.

Allah ya yi masa rahama, ya sanyaya makwancinsa, shi da duk waɗanda ke cikin akwatin nan da suka riga mu. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu faɗa hannun masu rufa asiri.